Sauƙin Jiki ko Ƙarfin Inji: Yadda Gwanin Direba Ke Sauraron Mota a Hanyoyin Minna

Duk inda samari masu son mota suka haɗu a Minna, ko a bakin gareji a Kpakungu ko a majalisar dare a Tunga, gardamar ɗaya ce: wace mota ce ta fi wuta? Wannan ya ce BMW, wancan ya ce Marsandi, wani ya rantse da Camry mai silinda shida. Lambar ƙarshen maleji ake dubawa, da kukan da salansa ke yi idan an taka totur. Tsofaffin direbobin tasha ba su cika tsoma baki a wannan gardama ba. Miƙa wa ɗayansu makulli ka ce ya ɗana maka mota, ka ga abin da zai yi. Zai ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu yana tafe a giya ta uku, ya taɓa birki a hankali, ya sake taɓawa da ƙarfi, ya hau gargada da gangan, ya zaga shataletale guda, ya dawo. Kafin ya kashe inji ya riga ya san nauyinta, da inda nauyin yake zaune, da yadda yake ƙaura daga wannan taya zuwa waccan. Wannan sanin nake so in yaba, domin a wurina shi ne tuƙi.

Minna ba garin motocin tsere ba ne, kuma da wuya ka ga Lotus ko Ferrari ta ratsa shataletalen Mobil. Amma tambayar da ta raba kan maƙeran motocin tsere gida biyu tun tuni, ita ce direban Golf yake amsawa da hannu da ƙafa kullum tsakanin Minna da Suleja: in kana son mota ta yi sauri, ƙarfi za ka ƙara mata ko nauyi za ka rage? Colin Chapman, Baturen Ingila da ya kafa kamfanin Lotus a 1952, ya tsaya kai da fata a kan rage nauyi. Hujjarsa ita ce ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake biyan buƙata, rage nauyi kuwa yana biya a ko'ina, wajen tashi da wajen birki da wajen shan kwana. A 1996, bayan rasuwarsa da shekaru, kamfanin ya fitar da Elise, 'yar mota mai kujera biyu, nauyinta kilo 725, injinta ƙarfin doki 118, wato bai ma kai na Corolla da yawa da ke yawo a garin nan ba. Amma tana kai gudun kilomita 100 cikin kimanin daƙiƙa 6. A ɗaya gidan akwai Bugatti Veyron ta 2005, mai silinda 16 da ƙarfin doki 1,001, nauyinta ya doshi tan biyu, gudunta ya haura kilomita 400 a awa. Babu mai musun wadda za ta riga isa idan hanya ta miƙe. Sai dai Veyron ba ta tafiya sai da tarin lagireto da kwamfutocin da ke raba wa tayoyi huɗu ƙarfi, alhali Elise ta farko ko na'urar sassauta sitiyari ba a sa mata ba. Abin da taya ta taka, shi tafin hannun direba ke ji.

Wannan gida na sauƙin jiki yana da dangi a tashoshinmu. Golf GTI ta farko da Volkswagen ya fitar a 1976 kilo 810 ce da ƙarfin doki 110, kuma ita ce ta nuna wa Turai cewa ƙaramar motar cefane tana iya ba manyan motoci kunya a hanya mai lanƙwasa. Golf 3 ɗin da ke lodin Suleja da Bida da Kontagora jikarta ce. An fara ƙera ta a 1991, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, kuma galibin waɗanda suka shigo mana ta Kwatano ƙarfinsu tsakanin doki 75 ne da 90. Starlet ma ba ta cika tan ɗaya ba.

Mota komai girmanta, wuri huɗu kawai take taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Tashi da tsayawa da juyawa duk ta waɗannan wurare huɗu suke bi. Tayar da nauyi ya danne ita ke kama kwalta, wadda aka ɗage wa nauyi kuma tana sakinta. Shi kuwa nauyin ba ya zama wuri guda. Ka taka birki ya kwararo gaba, goshin mota ya sunkuya, tayoyin baya su yi sakayau. Ka taka totur ya koma baya. Ka karya sitiyari dama ya jingina hagu. Dubi Bafulatana mai tallar nono da ƙwarya cike a ka: ba ta tsayawa farat ɗaya, ba ta juyawa da fizga, tana jin nonon yana kai-komo tana daidaita wuyanta tun bai kai bakin ƙwarya ba. Haka gwanin direba yake ɗauke da nauyin motarsa. Yana gama yawancin birkinsa kafin ya shiga kwana, ya sassauta ƙafarsa sannu a hankali yayin da hannunsa ke juya sitiyari, don nauyin da ya taru a gaba ya taimaka wa tayoyin gaba su kama, sannan ya fara ba da totur sai ya hango mafitar kwanar. Fasinjan da ke baya ba zai san an yi komai ba. Zai dai lura cewa kafaɗarsa ba ta bugi ta maƙwabcinsa ba.

Akwai wani abu da masana taya suka daɗe da tabbatarwa: in ka ninka nauyin da ke kan taya, kamunta yana ƙaruwa amma ba ya ninkuwa. Shi ya sa mota mai nauyi take buƙatar faffaɗar taya, da babban birki, da shokazoba mai tauri, waɗannan kuma su ƙara mata nauyi, sai a nemi inji mafi girma ya ja, shi ma ya ƙara nasa. Chapman wannan zagayen ya ƙi shiga.

Abin da ya sa nake ƙaunar mota mara nauyi shi ne ba ta da ɓoye-ɓoye. Kafin goshinta ya zame a kwana, sitiyari zai fara yin sauƙi a hannu, taya ta ɗan yi kuka, kujera ta gaya wa bayanka cewa ana gab da iyaka. Kuma tana faɗin wannan ne a gudun 60 ko 70, inda kuskure ke da gyara. Golf da tayoyin gaba take ja, don haka in ka shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, goshin ne zai nemi miƙewa waje. Sabon shiga yakan ƙara murɗa sitiyari ko ya daki birki, abin ya ƙara lalacewa. Wanda ya saba kuwa ɗaga ƙafa kawai zai yi daga totur kaɗan, nauyi ya dawo gaba, taya ta kama, mota ta koma layinta. Direbobi sukan ce irin wannan mota tana jin magana. Ni dai na ga ita ma tana maganar, kuma wanda ya yi shekaru yana sauraronta ba ya rasa kunne ko wace mota aka ba shi daga baya.

Mai ƙaramin inji ba shi da gudun da zai yi almubazzaranci da shi. Duk abin da ya zubar da birki sai ya sha wahala kafin ya tara shi kuma. Wannan talaucin ne ke koya masa hangen nesa. Bi direban da ya san aikinsa daga Chanchaga, ku wuce Paiko ku nufi Lambata, ka sa ido a kan ƙafarsa. Da wuya fitilar birkinsa ta kama. Tun daga nesa ya ga tirela tana jan ciki a hawa, ya ga mai babur yana shirin fitowa daga hanyar ƙauye, ya ga inda kwalta ta sauya launi, alamar faci ko rami. Sai ya saki totur da wuri, mota ta rage gudu da kanta, ya iso wurin daidai lokacin da hanya ta buɗe. Giya yakan sauke ta tun a gindin hawa, inji na da numfashinsa, ba sai mota ta fara shaƙewa a tsakiya ba. A gangara kuma yakan bar giya ta riƙe motar, domin ya san birki in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma ba ya sallama kafin ya tafi.

Wajen wuce tirela ne wannan gwaninta take fitowa fili, kuma hanyoyin Neja ba su rabo da tireloli da tankokin da ke ratsawa tsakanin kudu da arewa. Direban da bai ƙware ba yakan manne wa gindin tirela, yana leƙe yana komawa, ba ya ganin gaba, kuma in dama ta samu daga ƙaramin gudu zai fara, ya daɗe a hannun da ba nasa ba. Gwani baya yake ja. Yana barin tazara mai kyau don ya ga hanya ta gefen tirelar, ya sa giya ta uku ya jira. Idan motar ƙarshe mai zuwa ta kusa giftawa, sai ya fara tara gudu a cikin tazarar nan tasa, ta yadda lokacin da hanya ta buɗe ya riga ya fi tirelar sauri. Ya fita, ya wuce, ya koma, yana riƙe da sitiyari da hannu biyu saboda ya san iskar da ke fitowa daga goshin babbar mota tana ture ƙaramar mota gefe. In kuma lissafin bai cika ba, ba ya jin kunyar fasawa, ko fasinja na cewa, "Haba direba, ai da ka shige." Doki 75 ne a ƙarƙashinsa, amma lissafin da ya yi cikin 'yan daƙiƙun nan ya fi ƙarin doki ɗari amfani.

Tarihin tsere ya shaida wannan. A gasar Monte Carlo ta 1964, Paddy Hopkirk ya yi nasara da Mini Cooper S, motar da ba ta kai kilo 700 ba, injinta lita ɗaya da ɗigo, a gaban Ford Falcon mai silinda takwas da ta zo ta biyu. Gaskiya ne tsarin ƙidayar maki na lokacin ya ɗan sassauta wa ƙananan injina, amma Mini ta sake cinyewa a 1965 da 1967, a hanyoyin tsaunuka masu ƙanƙara inda babban inji ba ya samun filin buɗe murya.

Akwai kuma darasin da direbanmu ya sani wanda mai Elise a Ingila bai taɓa buƙata ba, wato lodi. Mota mara nauyi ita ce lodi ya fi sauya wa hali. Zuba wa Golf manya shida, ka ƙara buhunan doya daga kasuwar Paiko ko Gwada a but, ka ƙara mata kusan rabin nauyinta, kuma mafi yawansa a baya. Goshinta zai ɗaga, tayoyin gaba da ke ja da juyawa su rasa danniya, nisan birki ya ƙaru, fitila da dare ta koma haska idon mai zuwa. Motar da direba ya dawo da ita ba kowa da yamma da wadda ya fita da ita cike da safe ba ɗaya ba ne, kuma gwani yana tuƙa su daban. Ba ina wanke lodin wuce kima ba ne. Mugun abu ne, ya ci rayuka, kuma tsadar mai da ta kayan gyara ba ta mayar da shi daidai ba. Amma direban da ke jin bambancin buhu biyu a sitiyarinsa, shi ne kuma wanda za ka ji yana ce wa ɗan kamasho ya isa haka.

To, mota mai ƙarfi fa? Zalunci ne a ce ba ta da abin yabo. Wanda ya taɓa taka Camry V6 ta 2007 mai doki 268, ko BMW 330i mai silinda shida a jere, ya san wani daɗi da Golf ba ta da shi: ka ɗan danna ƙafa kujera ta tura bayanka, tirela mai tsawon gaske ta koma madubi cikin ƙiftawa. Wannan ƙarfin kariya ne, domin yana rage lokacin da za ka yi a hannun masu zuwa. Nauyinta yana sa ta zauna daram a miƙaƙƙiyar hanya, iskar tanka ba ta kaɗa ta, kuma in Allah ya kawo tsautsayi aka yi karo, na cikin babbar mota sukan fi samun sauƙi. Mai tafiyar Abuja ya isa bai gaji ba.

Matsalarta ita ce tana rufa wa direba asiri har ranar da ba za ta iya ba. An lulluɓe ta da abin hana ƙara, sitiyarinta na'ura ke sassautawa, gilashi a rufe, sanyi na busawa. Gudun 140 a cikinta bai kai 90 a Starlet tayar da hankali ba. Amma lissafin ƙasa ba ya sauyawa don kujera ta yi laushi. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, a 140 kusan mita 39. Nisan birki kuma ba ya bin gudu sawu da sawu: in ka ninka gudu, nisan ya ninku sau huɗu, don haka mai 140 yana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai 100 zai tsaya a ciki. Saniya ɗaya da ta ɓalle daga garke a hanyar Tegina ta isa ta nuna wannan bambanci. Ba banza ba Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa motar gida iyakar 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari.

Saboda haka gwanintar mai babban inji ta haƙuri ce, kuma ta fi wuya a same ta. Galibin BMW da Marsandi da tayoyin baya suke turawa. A busasshiyar kwalta wannan abin so ne, tayoyin gaba suna juyawa kawai, na baya suna turawa, mota ta fita daga kwana a miƙe. Amma jira ruwan farko na Afrilu, lokacin da ƙura da baƙin mai da suka kwanta duk rani suka taso suka zama santsi. Ka ba ta totur da yawa kana tsakiyar shataletale, gindin ne zai zame ya nemi wuce goshi. Gwani yana jin wannan a ƙugunsa kafin ido ya gani, ya mayar da sitiyari ɓangaren da gindin ya nufa, ya sassauta ƙafa ba tare da ya cire ta gaba ɗaya ba, idonsa na kan inda yake so ya je. Mafi gwaninta kuma shi ne wanda bai bari abin ya faru ba, domin yana buɗe totur ne gwargwadon yadda yake warware sitiyari. Tun 1995 Marsandi da kamfanin Bosch suka fito da na'urar da ke taka wa taya ɗaya birki ta dawo da mota layi idan ta fara zamewa, kuma ta ceci mutane masu yawa. Sai dai sau nawa ka shiga motar hannu ka ga fitilar gargaɗin na'urar birki ta ABS a kunne a gaban direba, shi kuma ya saba da ita har ba ya ganinta? Wanda ya dogara da na'ura ya kamata ya fara tabbatar tana raye.

Rami ma yana da nasa hukuncin. Motar ƙarfi takan zo da babban rim da siririyar taya, don ta kama kwalta mai kyau. A hanyar Bida bayan damina, wannan siririyar taya ita ce ta farkon fashewa, rim ya lanƙwashe, yayin da ƙaramar mota mai taya mai kauri ta wuce abinta. Dabarar dai ɗaya ce ga duka biyun: ka yi birki kafin rami, ka saki birki kafin taya ta faɗa. Wanda ya shiga rami da ƙafa a kan birki ya tara nauyin motar duka a kan tayar da za ta sha dukan, shokazoba kuma ta riga ta danne ba ta da sauran wurin shanyewa.

Dattawan tasha in ana wannan hira sukan kawo Fijo 504, kuma suna da gaskiya. An fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da 504. Injinta na yau da kullum bai kai doki 100 ba, nauyinta matsakaici, da baya take turawa, ƙafafunta kuma suna da dogon zango na hawa da sauka, shi ya sa take shanye gargada taya ba ta rabu da ƙasa ba. Direbobin da suka yi zamaninta a hanyar Zungeru da Kontagora sun koyi zamewar gindi a kan jar ƙasa da ƙaramin gudu, da inji mai yafiya. Da wuya a sake samun makaranta irin wannan.

Wannan ne ya sa wasan mota da wasu samari ke yi a titi ranar ɗaurin aure yake ba ni takaici. Juya mota da gangan tana hayaƙi fasaha ce ta gaske, kuma Keiichi Tsuchiya na Japan da ya yi suna da ita a duniya, da Toyota AE86 ya yi, motar da ba ta cika tan ɗaya ba, dokinta bai wuce 130 ba. Sarrafa nauyi ne sirrin, kuma a yau a killataccen fili ake gasarta, da hular kwano da shinge tsakanin mota da 'yan kallo. Yaron da ya ari motar gida mai doki 250 ya ja birkin hannu a tsakiyar jama'a, yara na gudu a gefe, bai nuna ƙwarewa ba, ganganci ya yi da ran mutane. In da gaske ana son wasan, masu hali da hukuma su samar da fili a bayan gari, a sa doka, a fara da ƙananan motoci.

Idan aka ce in zaɓa, direban da ya taso a mota mara nauyi nake ba amanar iyalina, ko da babbar mota zai ja ranar. Shi ya san abin da babbar ke ɓoyewa, domin ƙaramar ta riga ta gaya masa. Don haka, Alhaji, in ɗanka ya matsa sai mai silinda shida, kada ka hana shi har abada, amma ka ce ya fara da Golf ko Starlet mai giyar hannu. Ka haɗa shi da dattijon direban da ya san hanyar Bida da ta Suleja, ka biya dattijon haƙƙinsa, kuma kada ka miƙa babban makullin sai yaron ya ga rani ya ga damina a kan ƙaramar.